Safa Biyu a Ƙafa Ɗaya

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ba ta san tafiya a hankali ba. In an aike ta shago, da gudu take zuwa. In an kira ta cin abinci, da gudu take zuwa. Ummanta takan ce, "Ke dai, ina jin ko barci da gudu kike yin sa."

Babanta dogo ne na gaske. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonsu. Takalminsa kuwa, ƙaninta ƙarami yakan zuba motocinsa na wasa a ciki, har wuri ya rage.

A da, Babanta ɗan wasan ƙwallon kwando ne. Ba irin wasan unguwa ba. Wasa ne na ƙwararru, wanda ake biyan mutum albashi, ana nuna shi a talabijin. Shekara tara ya yi a wani babban kulob. Akwai hotonsa a bangon falo, ya yi tsalle, ƙwallo a hannu, ƙafafunsa can sama da ƙasa.

Yarinyar tana son hoton nan. Amma duk ranar da ta ce, "Baba, ba ni labarin wannan wasan," sai ya yi murmushi ya ce, "Wata rana, Mamana." Haka yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Yanzu ya daina wasa. Shi ne kocin ƙungiyar 'yan mata ta makarantarsu. In zai hau matakala, sai ya dafa bango, ya ɗaga ƙafar dama a hankali. Yarinyar ba ta taɓa tambayar dalili ba. A zatonta duk dogayen mutane haka suke hawa.

A gida shi Baba ne, ita Mamana. A filin wasa shi Koci ne, ita Lamba Bakwai. Ba ya nuna mata bambanci ko kaɗan. In ta makara, ita ma sai ta zagaya fili sau uku.

Koci yana da wata doka da ba ya karyawa. Kafin a taɓa ƙwallo, ko ranar horo ko ranar wasa, sai yara sun yi layi. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta yi tsalle goma da ƙafar dama, ta yi goma da ta hagu. Sannan ya tambaya, "Akwai inda yake miki ciwo?"

Duk wadda ta ce akwai, benci ne wurin zamanta a ranar. Ko kuka za ta yi, ko birgima, ba ta shiga fili.

Yaran ba sa son wannan doka. Yarinyar ma ta fi kowa ƙin ta.

"Baba, ɓata lokaci ne," ta ce masa wata rana a hanyar gida. "Sauran makarantu ba sa yi."

"Sauran makarantu ba ni ne kocinsu ba," in ji shi. Ya ja mata kunne a hankali, suka yi dariya.

A wannan shekarar ƙungiyarsu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ci wasa bayan wasa, har ta kai wasan ƙarshe na gasar makarantu. An sa ranar Asabar. Yarinyar ita ce ta fi kowa jefa ƙwallo a kwando, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe a firamare. Tun Litinin take ƙirga kwanaki da yatsu.

Ranar Alhamis tafin takalminta na wasa ya ɓanɓare. Umma ta ce ta kai wa mai gyaran takalma na bakin titi.

Mai gyaran takalma dattijo ne mai son hira. Bakinsa ba ya hutawa, hannunsa ma haka. Ya karɓi takalmin, ya juya shi, ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke ce 'yar gidan Koci, ko?"

"Ni ce, Baba."

"Na ji an ce kin iya. To, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubanki fa jarumi ne. Ya ba ki labarin wasansa na ƙarshe?"

"A'a, bai ba ni ba."

Dattijo ya ajiye allura. Ya samu abin da yake so.

"Da idona na gani a talabijin! Wasan cin kofi ne. Ashe gwiwarsa a kumbure take tun kwana uku kafin wasan. Bai gaya wa kowa ba. Ya ɗaure ta, ya ja wando ya rufe, ya shiga fili. Yarinya, maki talatin da biyu ya ci a ranar! Saura daƙiƙa huɗu a tashi ya jefa ta ƙarshe. Muka yi ta ihu har maƙwabta suka fito. Irin su Koci ba sa kuka da ciwo."

Yarinyar ta dawo gida kanta ya yi girma. Ta tsaya gaban hoton falo ta daɗe tana kallo. A ranta ta ce, ashe haka Babana yake.

Ranar Juma'a da yamma Baba ya tafi taron masu shirya gasa. Akwai wani kwando da ya kafa musu a bangon tsakar gida. Yarinyar ta ɗauko ƙwallo ta ce bari ta jefa ashirin kawai.

Ta jefa goma sha tara lafiya. A ta ashirin ta yi tsalle sosai. Da ta sauko, sai ƙafarta ta hagu ta dira a kan wata motar wasa ta ƙaninta. Motar ta zame. Ƙafar ta lanƙwashe.

Wani zafi ya tashi daga idon sawunta har tsakiyar kanta. Ta zauna a ƙasa, ta toshe baki da hannu. Hawaye ya zubo, amma ba ta yi ƙara ba.

Ta lallaɓa ta shiga ɗaki. Kafin a jima idon sawun ya kumbura. Ta dube shi, ta tuna benci. Ta tuna gobe Asabar. Sai maganar mai gyaran takalma ta faɗo mata a rai.

Ta buɗe akwatinta ta ɗauko safa biyu masu kauri. Ta sa ɗaya, ta ɗora ɗaya a kai. Kumburin ya ɓuya.

Da Umma ta kira ta cin abinci, sai ta fito a hankali.

Umma ta bi ta da kallo. "Yau kuma lafiya? Ina gudun ya tafi?"

"Ina ajiye ƙarfina ne saboda gobe, Umma."

"Safar fa, a wannan zafin?"

"Takalmin ne yake ɗan matse ni tun da aka ɗinke shi. Ina so ƙafar ta saba."

Ƙarya biyu ke nan a numfashi ɗaya. Umma ta yarda, domin yarinyar ba maƙaryaciya ba ce. Wannan ne ma ya fi damun yarinyar, har abincin ya ƙi wuce mata. Kafin Baba ya dawo ta shige ɗaki ta kwanta.

Da safe Baba ya yi sammako ya tafi duba fili. Yarinyar ta taho tare da Umma da ƙaninta a mota. Ta ja igiyar takalminta ta ɗaure tamau, har yatsunta suka yi sanyi.

Filin ya cika da iyaye da malamai da 'yan makaranta. Ana ta tafi, ana kiran sunayen makarantu. Koci ya busa usur.

"A yi layi!"

Yarinyar ta ja da baya. Ta koma can ƙarshen layi, kusa da ƙawarta, wata siririya da ake kira Tsinke. Koci ya bi yara ɗaya bayan ɗaya har ya iso kanta.

"Lamba Bakwai, dama."

Ta yi tsalle goma da ƙafar dama, lafiya lau.

"Hagu."

Daidai lokacin sai alƙalin wasa ya ƙwala kira. "Koci, zo ka sa hannu a takardar 'yan wasa!"

Koci ya juya. Taku biyar ne kawai tsakaninsa da teburin alƙali. Yarinyar ta yi maza ta sake tsalle da ƙafar dama, tana ƙirgawa da ƙarfi don ya ji. "Takwas, tara, goma!"

Koci ya dawo yana mayar da biro aljihu. "Kin gama?"

"Na gama, Koci."

"Akwai inda yake miki ciwo?"

Ta dubi usur ɗin da ke wuyansa, ba ta dubi idonsa ba. "Babu, Koci."

"Madalla."

Da ya wuce, Tsinke ta matso ta yi mata raɗa. "Na gan ki fa. Dama kika yi sau biyu."

"Don Allah ki rufa min asiri. Ɗan targaɗe ne kawai."

"In Koci ya gane fa?"

"Ba zai gane ba. Shi ma haka ya yi, ya ci kofi."

Fuskar Tsinke dai ba ta saki ba.

Aka fara wasa. Da farko yarinyar ta daure. Tsinke ta miƙo mata ƙwallo, ta jefa daga inda take tsaye, ta shiga. Jama'a suka yi ihu. Ta ji daɗi har ta manta da ƙafar na ɗan lokaci.

Amma jiki magayi. Da aka juyo da gudu, ƙafar ta ƙi. 'Yar ɗaya makarantar da take tsarewa ta wuce ta sau ɗaya, ta sake wuce ta. Koci ya miƙe daga benci. Ya ƙura mata ido, ya ɗaga hannu zai nemi a tsayar da wasa.

Bai kai ga yin magana ba. Ƙwallo ta bugi bakin kwando ta dawo. Yarinyar ta yi tsalle ta cafke. Ta sauko a kan ƙafar hagu.

Wannan karon ba ta iya toshe baki ba. Ƙarar da ta yi, har na bayan fili sun ji.

Koci ya taho da gudu. Yarinyar ba ta taɓa ganin Babanta yana gudu ba sai ranar. Yana gudu yana ɗingishi, usur yana dukan ƙirjinsa. Ya durƙusa a gabanta, gwiwarsa ta bugi siminti, bai ko kula ba.

"Mamana! Ina ne? Nuna min!"

Ya manta da Lamba Bakwai. Ya kwance igiyar takalmin a hankali. Ya zare safa ta farko, sai ya ga wata a ƙarƙashi. Hannunsa ya tsaya. Ya zare ta biyun.

Idon sawun ya kumbura suntum, ya yi baƙi-baƙi har gefen tafin ƙafa.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali, "Wannan kumburin ba na yau ba ne."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Da ma ya yi mata faɗa, da ta fi jin sauƙi.

Ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa malamar lissafi, wadda take taimaka masa da ƙungiyar. "Malama, ki riƙe min yaran. Asibiti za mu."

"Koci, wasan ƙarshe ne fa," in ji Malama. "Ummanta ba za ta iya kai ta ba?"

"Kofi kowace shekara ana yin sa," in ji shi. Ya sungumi 'yarsa kamar jaririya ya nufi mota, Umma da ƙaninta suna biye.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Aka ce su jira. Suka zauna a wani dogon benci a gaban ofishin likita. Umma tana shafa kan yarinyar. Baba ya haɗa hannayensa biyu a tsakanin gwiwoyinsa. Yarinyar ta dubi fuskarsa, ta ga damuwa ƙarara.

Sai tsoro ya kama ta, wanda ya fi zafin ƙafar.

"Baba, zan sake yin wasa kuwa?"

Ya dafa kafaɗarta. "Bari mu ji daga likita, Mamana."

Likita mace ce mai fara'a. Ta ɗaga hoton a gaban fitila, ta nuna musu wani siririn layi.

"Yaushe kika fara jin ciwon?" ta tambaya.

"Jiya da yamma," in ji yarinyar, murya ƙasa-ƙasa.

Umma ta riƙe baki. "Jiya? Shi ne safar nan?"

"To, ki saurare ni, 'yata," in ji likita. "Na jiya targaɗe ne. Da kin faɗa, da ƙanƙara da bandeji da hutun kwana goma sun ishe ki. Amma kin hau kansa kin yi gudu, kin yi tsalle. Yanzu ƙashin ya ɗan tsage. Za mu sa filasta mai tauri ta riƙe ƙashin, sati shida."

"Likita," in ji Baba, "zai warke duka? Ba zai bar mata komai ba?"

"Ƙashin yaro ne, yana haɗewa da wuri. In ta bi doka zai warke sarai. Amma Allah ya taimake ku da aka tsaya a nan. Da ta ƙara minti goma a filin nan, da wata maganar muke yi."

Baba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya rufe fuska da hannu ya ce, "Alhamdu lillahi."

Suna hanyar gida Malama ta bugo waya. An cinye su da maki huɗu. Yaran sun yi ƙoƙari, amma hankalinsu ya rabu, kuma babu Koci a gefen fili. Yarinyar ta ji komai, domin motar shiru take. Ta juya fuska wajen taga ta yi ta kuka.

Da la'asar Baba ya fito da kujeru biyu tsakar gida. Ya zaunar da ita a ɗaya, ya ɗora ƙafar mai filasta a kan matashi. Ya zauna a ɗayar.

"Mamana, ba faɗa zan yi miki ba. Tambaya ɗaya ce. Me ya sa?"

Ta share hanci. "So nake in zama kamar kai, Baba."

"Kamar ni?"

"Mai gyaran takalma ya ce ka ɓoye ciwon gwiwa ka ci kofi. Ya ce irinku ba sa kuka da ciwo."

Baba ya dube ta. Ya girgiza kai. Sannan ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama har sama da gwiwa.

Yarinyar ta zaro ido. Tabo uku ne a gwiwar, dogaye, da alamun ɗinki a gefe da gefe. Ba ta taɓa ganin su ba. Sai a lokacin ta tuna Baba ba ya sa gajeren wando ko a fili.

"Bai yi miki ƙarya ba," in ji Baba. "Rabin labari ya ba ki. Shi da aka ɗaga kofi ya kashe talabijin ya tafi harkarsa. Ni kuwa da gwiwar na koma gida. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, bari ki ji sauran."

Ya gyara zama.

"Ina kamar shekarunki na fara wasa, a wani fili mai kwando ɗaya, shi ma a karkace. Ina da shekara goma sha takwas kulob ya ɗauke ni. Na shiga jirgin sama, na ga garuruwa, na yi wasa a gaban dubban mutane. Ina son wasan nan kamar raina. Sai ga wasan cin kofi. Saura kwana uku na ji ciwo a wajen horo. Muna da likitan ƙungiya, mutumin kirki. Ya tambaye ni, na dubi idonsa na ce lafiyata ƙalau."

"Kamar yadda na yi maka," in ji yarinyar.

"Kamar yadda kika yi min. Na buga, mun ci. Washegari na kasa tashi daga gado. Jijiyar gwiwar ta tsinke. Likita ya ce da na faɗa tun farko, wata ɗaya zan huta in dawo. Sau uku aka yi min aiki. Ina da shekara ashirin da bakwai, lokacin da ɗan wasa yake kan ganiyarsa, aka ce na gama."

"Kofin fa?"

"Yana can a ofishin kulob, a cikin gilashi. Ina jin wani yana goge shi duk wata." Ya yi 'yar dariya. "Lokacin kina da shekara ɗaya da rabi. Kin fara gudu ke nan. Kullum sai ki zo ki taɓa ni ki ruga, ki waiwayo, kina jira in bi ki. Ni kuwa ina zaune da sanduna biyu. Sai ki gaji ki koma wajen Ummanki. Wannan ya fi barin wasan yi min ciwo, Mamana."

Hawaye ya sake cika idon yarinyar.

"Shekara guda na yi ba na son ganin ƙwallo," ya ci gaba. "In an sa wasa a talabijin sai in bar falon. Rannan wasu yaran unguwa suka yi sallama, suka ce in nuna musu yadda ake jifa. Na kore su. Suka dawo. Na sake korar su, suka sake dawowa. Yara ba su da zuciya. A zaune a kan kujera na fara koya musu. Daga nan na je na yi karatun horar da 'yan wasa, na samu takarda. Manyan kulob biyu sun neme ni. Na ce a'a, makaranta nake so."

"Me ya sa, Baba?"

"Domin a nan ake fara koyon ɓoye ciwo. Na yi alkawari duk yaron da ya biyo ta hannuna, da ƙafafunsa biyu lafiya zai bar ni. Tsallen nan da kuke ƙi, daga gwiwar nan ya fito." Ya sauke ƙafar wandon. "Yau saura kaɗan in karya alkawarin a kan 'yata ta cikina."

"Ba kai ba ne, Baba. Ni ce. Dama na yi sau biyu da ka juya. Na yi wa Umma ƙarya, na yi maka. Ka yafe min."

"Na yafe miki. Ni ma ki yafe min. Kin sha tambaya ta labarin nan ina cewa wata rana. Kunya nake ji. Na bar ki kika je kika ji shi a bakin titi."

Umma tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta ji komai. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To, uba da 'ya, in kun gama yafe-yafen, ni ma ina layi." Yarinyar ta ba ta haƙuri. Ƙaninta kuma ya kwaso duk motocinsa ya kai ƙarƙashin gado, ya ce sun yi laifi, an kulle su.

Ranar Litinin ta je makaranta da sandar dogarawa. Abin da ya fi mata wuya shi ne tsayawa a gaban 'yan ƙungiyar.

"Ni na jawo aka cinye mu," ta ce. "Na ɓoye ciwo. Na raba ku da Koci a ranar da kuka fi bukatarsa. Ku yi haƙuri."

Wasu suka kau da kai, don abin ya yi musu ciwo. Sai Tsinke ta fito. "Ni ma na gani na yi shiru, Koci. Na ɗauka rufin asiri ne."

"Rufin asiri daban, barin ƙawarki ta faɗa rami daban," in ji Koci. "Gobe in kin gani, ki faɗa. Ta yi fushi da ke kwana biyu, ta gode miki shekara ashirin."

Ɗaya bayan ɗaya yaran suka matso. Kafin a tashi, filastar ta cika da zane-zane. Wata ma ta zana mata kunkuru, ta ce shi ne sabon abokin tserenta.

Sati shida ba kwana shida ba ne, musamman ga mai gudu ko a barci. Amma ta daure. Ta sha magani a kan lokaci. Ba ta taka ƙafar ba sai da likita ta ce ta taka. Da aka cire filasta, ƙafar ta rame, ta yi fari. Kullum da safe Baba yana zama da ita a tsakar gida, yana nuna mata yadda za ta motsa ta sama da ƙasa.

Kafin ƙarshen zango aka shirya wasan sada zumunci da makarantar da ta cinye su. Yarinyar ta ƙwallafa rai a kansa. Saura kwana biyu ta dawo horo. Ta yi gudu kaɗan, ta yi jifa kaɗan. Sai ta ji idon sawun yana ɗan ja.

Ba zafi ba ne sosai. Babu kumburi. Babu wanda ya gani, ko Tsinke. Ta tsaya a tsakiyar fili da ƙwallo a hannu, zuciyarta tana cewa yi shiru, ai ba komai.

Ta ajiye ƙwallon. Ta taka har gaban Koci.

"Koci, ƙafar tana ɗan ja min."

Ya dube ta. "Kin san abin da wannan yake nufi?"

"Na sani. Ba zan buga jibi ba."

Ya zaunar da ita ya duba ƙafar. "Gajiya ce, ba wani abu ba. Amma sai kin ƙara sati ɗaya." Ya miƙe, ya ɗora babban hannunsa a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba. "Yau kin yi abin da ni na kasa yi ina da shekara ashirin da bakwai."

A benci ta kalli wasan, tana ta ihu har muryarta ta dishe. Tsinke ce ta jefa ƙwallon ƙarshe, suka ci da maki biyu.

Bayan sati ɗaya likita ta sake dubawa ta ce ƙafa ta warke sarai. A ranar horo ta ƙarshe ta zangon, Koci ya raba yara gida biyu. Aka miƙo wa Lamba Bakwai ƙwallo. Ta ruga da gudu, irin gudunta na da. Ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta yi tsalle ta jefa.

Yaran duka, kwando suke kallo. Koci shi kaɗai ƙasa yake kallo, inda za ta sauko. Ta dira a kan ƙafafunta biyu, daram, ta juya ta ci gaba da gudu tana dariya.

"Koci, ka ga ta shiga?" yaran suka tambaya.

"Ban gani ba," in ji shi, yana share ido da bayan hannu. "Amma na ga abin da nake son gani."

Tun daga ranar yarinyar ba ta sake ɓoye ciwo ba, ƙarami ko babba. Ta gane cewa ɓoye ciwo ba jarumta ba ce. Jarumi shi ne wanda yake faɗa wa iyayensa da malamansa gaskiya, ko da gaskiyar za ta zaunar da shi a benci. Wasa yana dawowa wata shekara, amma lafiya uwar jiki ce, sai da ita ake komai.